Kuben da Kawu Ya Yi wa Sandar Bature

Sanda ce kawai, ko ƙwarin ta makiyayi ba ta kai ba, amma ban taɓa ɗaukar kayan da ya hana ni sukuni kamarta ba. Ta Baturen da nake yi wa aiki ce, a shekarun da Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Gwandu ba. Aikina a wurinsa ɗaukar ƙananan kaya in an fita rangadi: fitila, laima, kujerar naɗewa. Ina da mata da 'ya guda a Birnin Kebbi, don haka na riƙe aikin da hannu biyu, ko da yake tun da na fara shi gabana bai daina faɗuwa ba.

Sandar doguwa ce, ta kusa kai mini kafaɗa. Gindinta baƙi ne mai kauri, tana tafiya tana sirancewa har kanta ya koma kamar ɗan yatsa, da ɗan guntun fata manne a baki. Da ita suke wasan nan da yaran yanzu ke kira sunuka. Na taɓa leƙensu ta taga: manyan mutane masu hukunta ƙasa, sun duƙa a kan wani teburi mai koren mayafi suna zungurar ƙwallaye, in ɗaya ta faɗa rami su yi ta murna. Ni ban ga abin murna ba, amma ba wanda ya tambaye ni. Abin da kukun Bature ya koya mini shi ne duk darajar sandar a miƙewarta take. In ta karkace ko da kaɗan ne, ta zama itacen hura wuta. Baturenmu kuwa ba ya barinta a gida, don kada wani abokinsa ya ara, duk inda za mu sai an tafi da ita.

Gidanta na asali na kwano ne, dogo, har da ɗan kwaɗo. Muna barikin Gwandu, Bature ya fitar da ita yana gogewa a inuwa, ya bar gidan a ƙasa, sai takarkarin da ke ɗaukar mana kaya ya zo ya kwanta a kai. Kwanon ya lotse ya manne. A gabanmu aka yi wa mai takarkarin bulala, aka wuce da shi gidan yari. A kan gidan sanda fa, ba sandar ba. Kowannenmu ya auna abin da zai sami wanda ya ɓata ita kanta.

Da safe Bature zai hau zuwa Kalgo, sai ya kira ni. Kuku, wani Banufe mai jin Turanci, shi ke yi mana tafinta.

“Ya ce kai ɗan garin nan ne, ka shiga kasuwa ka samo mata gida mai ƙarfi, ka same mu da ita a Kalgo. Ya ce kada ya yi tsada. Ya ce in ta lanƙwashe…” Kuku ya tsaya nan, ya dube ni. “Ka dai ga na jiya.”

Ɗan kuɗin da aka sa mini a hannu ko kaza mai kirki ba zai saya ba. Haka suke, su ce maka mai ƙarfi, su ce mai araha, sa'an nan su hau doki su bar ka da neman inda biyun suka haɗu.

Na naɗe sandar a tabarma na shiga kasuwa. Baduku na farko ya ce zai yi mini kube irin na takobi, jar fatar akuya da zayyana, abin kallo. Da ya faɗi kuɗin sai na yi dariya, da ya ga abin da ke hannuna shi ma ya yi. Ko da ina da su ma, fatar akuya ba ta hana abu karyewa, ado ce. Wani mai sayar da gora ya nuna mini wata doguwa, ya ce in fasa gaɓoɓinta da ƙarfe in zura sandar. Araha kam akwai. Amma da na buga ta a ƙasa sai gari ya zubo, ƙwaro ya riga ni shiga, kuma ƙwaron da ya ci gora ba zai ji kunyar sandar Bature ba. Wani tsoho ya ce in je wurin masu yin kwarin kibau. Na ce baba, a zamanin nan ka ce in ratsa ƙauyuka da kwari a kafaɗa? Ya ce gaskiya ne, ya juya.

Rana ta take, ban sami komai ba, sai na nufi inda tun safe nake gudun zuwa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa Inna take zaune tun rasuwar babana. Sana'arsa yin tandu, irin tulunan fata masu tauri da ake zuba mai ko kwalli. Tandunsa ko jaki ya taka ba ya fashewa. Sai dai Kawu ba ya son jin ko da sunan Turawa. Farkon zuwansu an kama shi dako da ƙarfi, aka ɗora masa kaya zuwa wata ƙasa mai nisa. Wanda aka haɗa su igiya ɗaya ya faɗi a hanya, aka kwance shi aka bar shi nan. Kawu ya dawo da wuya a karkace, bai ƙara ba da labarin ba. Tun daga lokacin, in ya ji takun doki a ƙofar gida sai ya tashi ya koma bayan rumbu.

Na same shi yana kankarar fata. Na kwance tabarmar, ya kai hannu ya shafa sandar, har ya ce masha Allah.

“Sandag ga ta wa ta?”

“Ta Annasara ta, Kawu.”

Ya janye hannunsa ya goge a riga. “Hid da ita gidan ga.”

Na durƙusa na gaya masa komai, har da mai takarkari. Bai ɗago ba. Inna ce ta fito daga madafa, ta tsaya a kansa.

“Yaya, ɗanka na. In ba ka yi mai ba, wa ka yi mai?”

Kawu ya ajiye wuƙar da ke hannunsa. Can ya ce, “Ni yi. Amma ka ji ni da kyau. Sunana kas shi kai kunne nai. In yat tambaye ka, kasuwa kas saya, ga baƙo, baƙon ya wuce.”

Na yi masa alkawari a gaban Inna. Na miƙa kuɗin, bai ko kalle su ba. Ta nan dai araha ta samu.

Shi tandu a kan yumɓu ake gina shi. A yi siffar da yumɓu, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar fata, in fatar ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage. To yumɓu mai tsawon sandar nan sai ya kwana da yawa kafin ya bushe, ni kuwa ana jirana. Sai Kawu ya ce sandar da kanta za ta zama yumɓun. Na ce in ta ƙi fita fa? Ya ce ai ba farfasa ta za a yi ba, zarewa za a yi, tun da kai siriri ne gindi mai kauri. Ya faɗi haka hankali kwance, amma na lura bai taɓa yin irinsa ba, don sau biyu yana ajiye wuƙa yana sosa gemu.

Ya nannaɗe ta da tsohon saƙi, ya shafe saƙin da kitse, sa'an nan ya shiga ɗora fatar, siririya mai santsi, falle bisa falle, yana lailayewa da tafin hannu. Ya bar gindin a waje gwargwadon abin da hannu zai kama, ya yanko wuyan wani tsohon tandu ya yi murfi. Ina zaune ina kallon sandar da aka ɗaure mutum saboda gidanta tana ɓacewa cikin ɗanyar fatar sa mai wari. Washegari da sassafe, fatar ta ɗan sha iska amma ba ta bushe ba, ya miƙo mini ita.

“Hwata ɗanya in tana bushewa ja taka yi. Gehen da rana tad duka shi ka hwara ja, sai shi tanƙwara abin da ac ciki. Kab bari gehe guda shi sha rana. Juya ta. Juya ta hak Kalgo.”

Lokacin bazara ne, ranar da ke fasa ƙasa. Na fita Gwandu riƙe da ita a gicciye, ina mirginawa a tafukan hannu kamar mai gasa masara. Ban yi nisa ba ƙudaje suka same ni. Kafin in kai Kambaza hannuwana sun yi tsami, kafaɗuna suna zogi, ga shi ba halin in saɓa ta in huta, don in na saɓa, sama za ta sha rana ƙasa ta sha gumi. A bakin rijiyar Kambaza mata suka hango ni da dogon abu a hannu, suka ɗauka bindiga ce, suka ja da baya da tulunansu. Wata tsohuwa ce ta yi ta maza ta ba ni ruwa. Ita ta riƙe mini ƙwaryar a baki, ni kuwa ina sha ina juyawa. Ta ce, “Ɗana, mi ka damun ka?” Na ce aike ne. Ta ce Allah shi sawwaƙe, ta yi saurin barin wurin.

Da azahar na jingine ta a inuwar tsamiya na yi salla. Allah ya karɓa, amma rabin hankalina yana kan inuwar, ko ta gusa.

Bayan nan fatar ta fara magana. Ƙis, ƙis, a hankali, kamar sabon takalmi. Daga fari-fari ta koma ruwan zuma, ta yi tauri, ta ƙanƙance har ina ganin siffar saƙin ta ciki. Duk ƙis ɗin da ta yi sai in ji kamar sandar ce ta tsage. In tsaya in ɗaga ta saitin ido in duba. In na rufe idon dama sai in ga ta karkata hagu, in na rufe na hagu sai ta karkata dama. Na riƙa yin haka har wani mai jaki ya tsaya yana kallona, na daka masa tsawa ya wuce, alhali bai yi mini komai ba. A ƙauyen da na kwana karnuka suka biyo warin, dole na rungume ta na kwanta da ita, mai masaukina yana ta tambayar ko lafiya.

Da gari ya waye fatar ta bushe ƙamas. Na ce to bari in gwada. Na cire murfin, na kama gindin na ja. Ko motsi. Na sa ƙarfi kaɗan, hannuna ya zame. Na zauna a ƙasa na take kuben da ƙafa na ja, shiru, kamar tare aka halicce su.

Ban san yadda zan faɗi tsoron da na ji ba. In na tsaga fatar da wuƙa, zan karce sandar. In na jiƙa ta a fadama, fatar za ta saki amma itacen zai sha ruwa ya kumbura. In na kai ta haka, Bature zai ce wa ya yi wannan ɗanyen aikin, kuma na san in bulala ta hau bayana ban da tabbacin bakina zai riƙe. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Na ga Kawu da karkataccen wuyansa ana jan sa da igiya. Har na yi tunanin in jefa ta a rami in miƙe yamma, in tsallaka ƙasar da ke hannun Faransa. Sai na tuna matata da 'yata suna zaune a inda za a fara zuwa nema. Na tashi na ci gaba da tafiya, ina juya ta duk da ba ta bukata, hannun ne ya saba.

La'asar sakaliya na isa barikin Kalgo. Na zaga ta baya wajen kuku. Ya toshe hanci, ya ce mene ne wannan? Na gaya masa. Ya riƙe kuben na riƙe gindin muka ja, har muka kusa faɗawa murhu.

“Ni ban gan ka ba,” in ji shi. “Ban taɓa ta ba.”

Bai rufe baki ba aka kira mu.

Bature yana zaune a baranda gaban teburinsa na tafiya, dogarai biyu suna tsaye gefe. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ya juya abin yana dubawa, ya sansana, ya yamutsa fuska. Ya cire murfin ya ja. Ta ƙi. Ya sake ja, na ga wuyansa ya yi ja har kunnuwa. Na fara salati a zuci. Sai ya miƙe ya matse kuben a tsakanin gwiwoyinsa, ya naɗa tawul a gindin, ya murɗa da ƙarfin da ni ko a mafarki ba zan yi wa kayansa ba. Abin ya yi ƙara. Na runtse ido. Da na buɗe, sandar tana hannunsa, saƙin yana warwarewa, kitsen da rana ta narkar yana ɗiga a takalminsa.

Ya goge ta tsaf. Ya kwashe abin da ke kan teburin, ya kwantar da ita, ya tura ta da yatsa. Ta mirgina har bakin teburi sumul, ba ɗingishi. Ya dawo da ita, ya sake turawa. Ni dai na ji ƙasa ta taɓa goshina, ban san lokacin da na kai shi ba.

Sai ya ɗauki kuben ya ajiye a ƙasa, ya hau da takalmi ya tsaya a kai. Bai lotse ba. Ya yi tsalle kaɗan, bai lotse ba. Ya fashe da dariya, dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya yi wa kuku magana mai tsawo.

“Ya ce wannan ya fi na ƙasarsu. Ya ce wa ya yi?”

Na ce a kasuwa na samu, wurin wani baƙo, ya wuce. Na faɗa ba tare da muryata ta yi rawa ba, har na ji daɗin kaina.

Ɗaya daga cikin dogaran, ɗan Gwandu ne, tare muka yi wasan ƙasa. Ya matso ya ƙwanƙwasa kuben da farce.

“Ranka shi daɗe, wanga aiki na san hannun. Gwandu dut mutum guda ka yin shi. Kawun wanga na ma, kunya ta ta hana shi hwaɗi.”

Ya dube ni yana murmushi. Shi a ganinsa alheri ya yi mini.

Bature ya ce yana son irinsa wa bindigarsa, da madubin hangensa, da sandunan abokansa. Ya ce a je a zo da mutumin zuwa Birnin Kebbi, za a biya shi da kyau. Ya sa aka ɗauko turmin farin yadin alawayyo, ya ce a kai masa tukwici. Na ce wa kuku don girman Allah ya roƙa a aike ni. Kuku ya roƙa, aka ce wa zai ɗauki fitila gobe? Dogari yana da doki, shi zai je.

Na same shi yana ɗaura sirdi, na kama linzamin.

“Don Allah in ka isa, kat tahi gidan bisa doki. Aje rigag ga ja. Nemi Inna tukuna, ka ce mata alheri na.”

Ya yi dariya. “Kai dai ka cika tsoro. Albishir aka ɓoyewa?”

Na so in gaya masa labarin dakon, amma Kawu bai taɓa yarda a faɗa wa kowa ba, ga shi ana kirana daga baranda. Ina tsaye ya fita, jar riga, doki, farin ƙyalle a ninke gaban sirdi. Tsoron da na ji a hanya duk wasa ne a kan na lokacin.

Sai da muka koma Birnin Kebbi na sami izinin zuwa Gwandu. Inna ce ta ba ni labari, tana zaune a ƙofar ɗakin Kawu, fatar da ya jiƙa tana nan a kwatarniya ta ruɓe. Ta ce tun daga kasuwa dogarin ya fara cigiya da ƙarfi, ina gidan mai tandu, Bature na nemansa. Yara suka rugo da labari. Kawu ya leƙa ta zana, ya ga jar riga, ya ga doki, ya ga farin ƙyalle.

Ya ce da Inna, “Hal likkahwani sun zo da shi. Yaron ga ya bashe ni.”

Ya haura danga ta baya, hannunsa da danshin fata, ko takalmi bai ɗauka ba. Kafin dogarin ya gama sallama ya sauko ya yi bayani, Kawu ya shige daji.

Na bi sawu. A Maruda wani ya ce ya ba shi ruwa, bai ko zauna ba. Daga nan ba wanda ya gan shi. Duk ayarin da ya zo daga yamma sai na je zango na tambaya, na bar saƙo a bakin fatake cewa ya dawo, kyauta ce aka kawo masa, ba kamu ba. Bayan shekaru wani falke ya ce ya ga mai tandu mai karkataccen wuya a wata kasuwa can ƙasar da ke hannun Faransa, amma da ya gaishe shi da harshen gida sai ya tattara kayansa ya tashi.

Ran da Inna ta ba ni labarin na ce mata wallahi ba ni na faɗa ba. Ta ce ta sani, dogarin da bakinsa ya gaya mata. Kawu ne dai bai sani ba, kuma har yau ban sami inda zan gaya masa ba.